Rashanci a Zuci, Ingilishi a Baki: Gwanintar Ɗan Ajin Farko a Jami'o'in Rasha

Ranar 1 ga Satumba ake buɗe makarantu a duk faɗin Rasha, daga firamare har jami'a, kuma tun 1984 ake kiran wannan rana Ranar Ilimi. Cikin dubban da ke tururuwa zuwa jami'o'i a ranar akwai samari da 'yammata 'yan shekara 17 zuwa 18 da suka sa ƙafa karo na farko. Ko likitanci mutum ya zo karantawa, ko injiniyanci, ko shari'a, akwai darasi guda da ke jiran sa a jadawali, wato harshen waje. Ga mafi yawansu kuwa wannan harshe Ingilishi ne.

Ba yau suka fara haɗuwa da shi ba. Tun suna aji biyu ake koya musu, karatun makaranta kuma a can shekara 11 ne, ka ga sun shekara goma ke nan suna tare. Sai dai jarrabawar ƙasa ta kammala makaranta, wadda ta zama tilas tun 2009, Rashanci da lissafi kaɗai ta ɗora wa kowa. Harshen waje sai wanda ya zaɓa, kuma sai a 2015 aka ƙara masa ɓangaren magana da baki. Don haka yaron da ya sa kimiyya a gaba yakan jingine Ingilishi a shekarun ƙarshe, ya iso jami'a da kai cike da ƙa'idojin nahawu da 'yan gajerun bayanan da ya haddace, waɗanda suke kira "topik": ɗaya a kan iyalinsa, ɗaya a kan garinsu, ɗaya a kan birnin Landan. Da baƙo zai tare shi da tambayar da ba ta cikin hadda, sai baki ya ɗaure. Rashawa da kansu suna da yadda suke faɗar wannan hali. Mutum yakan ce ya zama kamar kare, yana gane duk abin da aka faɗa masa amma ba ya iya mayar da amsa.

Abin da ke burge ni shi ne abin da masu himma daga cikinsu ke yi tsakanin wannan Satumba da Yunin da ke biye. A ƙasar da ba a ciniki da Ingilishi, ba a rubuta takardar hukuma da shi, sai ka ga sun tashe abin da ya kwanta a ka, sun mai da shi kayan aiki. Kuma ba gudun harshen uwa suke yi don su cim ma haka ba. Ajiye Rashanci da Ingilishi suke yi gefe da gefe, suna duban inda suka dace da inda suka saɓa, har sai sun gane wurin da harshensu zai agaza musu da wurin da zai yaudare su.

Wannan hanya tana da asali. Lev Shcherba, masanin harshe da ya rayu daga 1880 zuwa 1944, ya jagoranci ɗakin binciken furuci na Jami'ar St. Petersburg tun 1909. Ra'ayinsa da ya yi tasiri a kan malaman ƙasar shi ne, malami na iya hana harshen uwa shiga aji, amma ba shi da ikon fitar da shi daga kan ɗalibi. Tunda yana nan ko an so ko an ƙi, hikima ita ce a fito da shi fili, a riƙa kwatanta shi da sabon harshen da gangan. Duk abin da zan faɗa a nan gaba, wannan ra'ayi ne a aikace.

Ido, kunne da baki

Aikin ido ne mafi sauƙi, amma shi ma sai da horo. Rashanci yana da haruffa 33, Ingilishi 26, kuma wasu sun yi kama da juna alhali sautinsu daban. Harafin da ke da siffar P a wurinsu "r" ne, mai siffar H "n" ne, mai siffar B "v" ne, mai siffar C kuma "s". Duk wanda ya iya ajami da boko ya san cewa hannu kan saba da rubutu biyu, sai dai a nan siffa ɗaya ce ke ɗauke da sauti biyu, sai ido ya koyi tambayar kansa a wane harshe yake kafin ya karanta.

Aikin kunne ya fi nauyi. Wasulan Rashanci biyar ne, wasu masana na cewa shida, kuma tsawon wasali ba ya sauya ma'ana. Daidaitaccen Ingilishin Birtaniya yana da wasula kusan 20 idan aka haɗa da tagwaye. Bahaushe bai taɓa rikita "gari" da ake zama a ciki da "gari" da ake tuwo da shi ba, domin kunnensa ya tashi da dogon wasali da gajere. Kunnen ɗan Rasha bai tashi da wannan ba, shi ya sa da fari "ship" da "sheep" abu ɗaya ne gare shi. Haka kuma Rashanci yana kashe ƙarar baƙin da ya zo a ƙarshen kalma, "d" ya koma "t", "g" ya koma "k". A bakinsu "kod" da "kot", wato lambar sirri da kyanwa, furucinsu ɗaya. Idan wannan ɗabi'a ta biyo shi Ingilishi, sai "bad" ta zama "bat", mummuna ya koma jemage. Ba su da "w", sai su sa "v". Ba su da sautin "th", sai su sa "s" ko "z", yadda Hausawa da yawa ma ke yi.

Ga yadda ake maganin abin. A sassan da ke horar da malaman harshe da tafintoci, makonnin farko na shekara kusan duk na furuci ne. Littafin da aka daɗe ana amfani da shi, wanda aka shirya ƙarƙashin jagorancin Vladimir Arakin, juzu'i biyar ne, ɗaya ga kowace shekara, kuma juzu'in farko da gyaran furuci ya soma. Ɗalibi kan zo aji da ɗan madubi. Malama ba za ta tsaya ga "ka saurara ka maimaita" ba. Za ta faɗa masa cewa "t" ɗinsa na Rashanci a bayan haƙora yake buga shi, na Ingilishi kuwa sai ya ja kan harshe baya kaɗan zuwa tudun da ke sama da haƙoran, ya kuma saki iska. Zai riƙe takarda a gaban baki ya ce "pen". In takardar ba ta motsa ba, bai yi daidai ba. Zai koyi alamomin rubuta furuci, ya riƙa rubuta kowace sabuwar kalma sau biyu, yadda ake rubuta ta da yadda ake faɗar ta. Yana ɗaukar muryarsa a waya, ya saurara, ya gwada da ta asali, ya sake.

A nan ne kwatance ke fara biyan sa. Rashanci yana ɗora nauyin murya a kan gaɓa ɗaya ta kalma, sauran gaɓoɓin su raunana. Kalmar madara ana rubuta ta "moloko" amma kunne na jin wani abu kusa da "malako". Kuma sauya wurin nauyin na iya sauya ma'ana: "zamok" gidan sarauta ne in an nauyaya gaɓar farko, kwaɗon ƙofa ne in an nauyaya ta biyu. Ingilishi ma haka yake tafiya. Ranar da ɗalibi ya lura da wannan, ya sami abin da masu koyo daga harsuna da yawa ke shan wuya kafin su samu. Ba sabon abu zai koya ba, wanda yake da shi zai mayar wani gida.

Kowa da wurin zamansa

Suna a Rashanci yana da siffofi shida. Ƙarshen kalmar ne ke sauyawa don ya nuna ko ita ce mai aikin, ko ita aka yi wa, ko mallakarta ce, ko da ita aka yi. Saboda haka ɗan Rasha na iya juya kalmomin jimla yadda ya ga dama, ma'ana ba ta ɓacewa, tunda kowace kalma tana sanye da shaidarta. Ingilishi ya zubar da kusan duk waɗannan alamomi tun ƙarnoni da suka wuce. Tsarinsa irin na zaman fada ne, inda wurin da mutum ya zauna ke nuna matsayinsa: mai aiki a gaba, aikatau a tsakiya, wanda aka yi wa a baya. Ka sauya musu wuri, ka sauya wanda ya yi da wanda aka yi wa. Ɗalibin da ya saba da 'yanci dole ya koyi ladabin zama. Dole kuma ya koyi cike gurbin da harshensa ke bari fanko. A Rashanci "ya student" ta isa, wato "ni ɗalibi", amma Ingilishi sai an sa "am". Rashanci na iya cewa "sanyi" da kalma guda a gane ana sanyi, Ingilishi sai an nemo "it" an zaunar a kujerar mai aiki ko da babu kowa.

Sai babban dutse, wato ƙananan kalmomin nan "a" da "the". Rashanci ba shi da su sam. Bahaushe ya fi ɗan Rasha sa'a a nan, domin mun san bambancin "wani yaro ya shigo" da "yaron ya shigo". Ɗan Rasha kuwa ya shekara goma yana haddace jerin dokoki, a sa "the" gaban sunan kogi, kada a sa gaban sunan gari, amma da ya buɗe baki sai ya zubar da su duka ko ya watsa su barkatai.

Malamin kirki a shekarar farko yakan rufe littafin dokoki ya rubuta jimloli biyu na Rashanci a allo. Ta farko: "Malchik voshol v komnatu." Ta biyu: "V komnatu voshol malchik." Kalmomi ɗaya ne, yaro, ya shiga, cikin ɗaki, an dai juya su. Sai ya tambayi aji ko ma'anarsu ɗaya ce. Kowa zai ce a'a. A ta farko mun riga mun san yaron, labarin shi ne inda ya shiga. A ta biyu mun san ɗakin, yaron ne sabon abu, wani ne da ba mu zata ba. Rashanci yana ajiye abin da aka sani a farkon jimla, ya ajiye sabon labari a ƙarshe. To, jimlar farko ita ce "the boy", ta biyu ita ce "a boy". Abin da ɗalibi ya ɗauka babu shi a harshensa ashe yana nan, tun yana goye yake amfani da shi. Bambancin kawai shi ne Rashanci da jerin kalmomi yake nuna shi, Ingilishi da 'yar ƙaramar kalma.

Daga ranar, tambayar da yake yi wa kansa kafin kowane suna ta sauya. Ya daina neman doka ta nawa ce ta dace. Tambayarsa ita ce, wanda nake yi wa magana ya san wanda nake nufi, ko yanzu nake gabatar masa da shi? Wannan tambaya ta mai kula da mai sauraro ce, kuma wanda ya saba yin ta ya fara tunani irin na marubuci. Ba a wata guda ake ƙwarewa ba. Akwai masana 'yan Rasha da suka yi shekaru suna wallafa bincike da Ingilishi amma har yanzu sukan ba wani ya duba musu waɗannan kalmomi. Amma ɗalibin da ya kama bakin zaren a ajin farko ya bar caca, ya koma zaɓi da dalili.

Lokaci da yadda ake kallon sa

A makarantun Rasha ana koyar da lokutan aikatau na Ingilishi cikin tebur mai gida 12, kuma teburin nan ya firgita yara da yawa, domin Rashanci lokuta uku gare shi: da, yanzu da nan gaba. Amma Rashanci yana da wata dukiya da ta rufe wannan giɓi. Kusan kowane aikatau tagwaye ne, ɗaya na aikin da ke gudana ko ake maimaitawa, ɗaya na aikin da ya kammala. "Chital" na nufin yana ta karatu, "prochital" na nufin ya karance. Mai jin Hausa zai gane wannan nan take, tunda mu ma mun fi kula da ko aiki ya ƙare ko yana tafiya, "ina karantawa" da "na karanta".

Ɗalibi mai basira yakan ɗauki wannan ji da yake da shi ya shiga teburin da shi. Rabin gidajen sai su buɗe da kansu, domin bambancin "I was reading" da "I read" ya yi kusa da abin da ya sani. Sannan ya ware wuraren da ji nasa zai kai shi rami. Mafi shahara shi ne aikin da ya faro a baya yana nan har yanzu. Rashanci zai ce "ina zaune a nan shekara biyar" da lokacin yanzu, ɗalibi ya kwaso haka ya ce "I live here five years", alhali Ingilishi na son "I have lived". Da ya gane cewa kuskuren yana da mafari, kuma mafarin harshensa ne, sai ya sa masa alama, ya riƙa tsayawa duk lokacin da ya iso wurin. Kuskuren da aka san gidansa ya kusa barin baki.

Sanin dalili ba ya wadatarwa sai an haɗa da maimaici. A nan littafin Raymond Murphy ke shigowa, wanda maɗaba'ar Jami'ar Cambridge ta fara fitarwa a 1985. Ɗaliban Rasha da launin bango suke kiran sa, ja na masu farawa, shuɗi na matsakaita. Bayani a shafin hagu, aiki a shafin dama, babi guda kullum. Kafin shi akwai littafin Natalya Bonk da abokan aikinta, wanda ya raini ɗalibai tun farkon shekarun 1960. A 2012 ma tafinta Dmitry Petrov ya gabatar da darussa 16 a tashar talabijin ta Kultura, inda ya gina komai a kan ƙaramin tebur mai gida tara, lokuta uku, kowanne da tambaya da tabbatarwa da korewa, yana nanata cewa a yi ta juya shi har baki ya riga tunani. Hanyoyin sun bambanta, amma duk sun yarda cewa yau da gobe ita ke sa a iya.

Biyan "dubbai"

Akwai wata al'ada a jami'o'in kimiyya da fasaha tun zamanin Tarayyar Sobiyat wadda nake gani da daraja ƙwarai. Suna kiran ta "tisyachi", wato dubbai. Ana ɗora wa ɗalibi adadin dubban haruffa na rubutun Ingilishi da zai karanta shi kaɗai a zangon karatu. Shafi guda da aka buga da keken rubutu yana ɗaukar haruffa kusan 1,800, don haka dubbai na taruwa su zama shafuka masu yawa. Ranar biya, ɗalibi zai zauna gaban malama da rubutun da littafin kalmomin da ya tsinta. Ita kuma ta ɗora yatsa a duk inda ta so, ya karanta da ƙarfi, ya fassara nan take. Ba a san inda yatsa zai sauka ba, saboda haka babu mafita sai karanta duka.

Amfanin wannan shi ne ɗalibin lissafi yana karanta lissafi, ɗalibin likitanci yana karanta likitanci. Ya riga ya san abin da ake magana a kai, harshen ne kawai baƙo, sai ilimin fanninsa ya riƙa haska masa jimlolin. Da wannan horo ne injiniyoyi da masanan Sobiyat da yawa, waɗanda ba su taɓa taka Ingila ko Amurka ba, suka iya bin mujallun bincike na duniya.

Cikin wannan karatu ne yake haɗuwa da kalmomi masu fuska biyu. Rashanci ya ari kalmomi da yawa daga Faransanci da Jamusanci da Latin, Ingilishi ma haka, amma ma'anoni sun rabu a hanya. "Magazin" a wurinsu kanti ne, "familiya" sunan zuriya ne, "dekada" kwana goma ce ba shekara goma ba. Kowane ɗalibi mai lura yana da shafin da ya keɓe wa irin waɗannan. Abokin tafiyarsa na farko ƙamusun Vladimir Müller ne, malamin da ya rasu a Leningrad lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya a Yaƙin Duniya na Biyu, ƙamusunsa kuwa ya ci gaba da fitowa bugu bayan bugu. Amma alamar girma ita ce ranar da ɗalibi ya koma ƙamusun da ke bayyana Ingilishi da Ingilishi, ya daina tara kalmomi ɗai-ɗai, ya fara tara su tare da abokan zamansu. Rashanci aikatau ɗaya gare shi inda Ingilishi ke raba "do" da "make", don haka ba ya rubuta kalmar kuskure ita kaɗai, sai ya rubuta "make a mistake" a dunƙule.

Buɗe baki da sanin ladabi

Duk wannan zai tashi a banza idan baki bai buɗe ba. Makarantar Rasha tana auna ɗalibi da maki daga biyu zuwa biyar, kuma yaro ya tashi da sanin cewa kowane kuskure na rage maki. A jami'a ma, ɗalibin da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa na iya rasa alawus idan ya sami uku a jarrabawa. Wanda aka rena haka yakan gwammace shiru da faɗin abin da bai tabbatar ba. Su da kansu suna kiran wannan shingen harshe. Ƙetare shi jarumta ce. Ɗalibi kan raba aikinsa gida biyu: lokacin gyara, inda ba ya yafe wa kansa ko wasali ɗaya, da lokacin magana, inda burinsa kawai a fahimce shi. Yana zuwa kulob ɗin hira, yana gabatar da jawabi na minti biyar gaban 'yan ajinsu, yana koyon kewaye kalmar da ta ɓace masa da wasu kalmomin maimakon ya tsaya cik.

Sannan akwai ladabi. Rashanci yana da "ty" ga aboki da "vy" ga babba, yadda mu ma muke ce wa dattijo "ku". Ɗalibi ba ya kiran malaminsa sai da sunansa haɗe da na mahaifinsa. Ingilishi "you" ɗaya gare shi ga sarki da yaro, sai ɗalibi ya ji kamar an ƙwace masa hanyar girmama mutane. A hankali yake gano cewa girmamawar tana nan, wuri ta sauya. A Rashanci ka ba da umarni ka ƙara "don Allah", ka yi ladabi. A Ingilishi sai ka mai da buƙatar tambaya, ka ce "could you", ka kuma ɗaga murya a ƙarshe. Wanda bai san haka ba za a ɗauke shi mai kaushin hali alhali zuciyarsa fari. Sanin wannan ya wuce nahawu, ya shiga sanin mutane.

Duk wannan fa cikin ƙarancin lokaci ake yin sa. A sassan da ba na harshe ba, sau ɗaya ko biyu a mako ake shiga ajin Ingilishi, kowane zama kusan minti 90. Finafinan waje a Rasha ana ɗora musu muryar Rashanci, don haka ko talabijin ba ta taimaka. An rufe ayyukan British Council a ƙasar a 2018, a 2022 kuma aka dakatar da jarrabawar Ingilishi ta IELTS, har masu buƙatarta suka koma tafiya maƙwabta irin su Kazakistan da Armeniya. Duk da haka buƙata ba ta ragu ba. Babbar Makarantar Tattalin Arziki ta Mosko, wadda aka kafa a 1992, tana yi wa ɗalibanta jarrabawar Ingilishi ta musamman. Ɗalibi sai ya gina wa kansa muhallin da ƙasa ba ta ba shi ba. Ya sauya harshen wayarsa, ya nemi fim da muryarsa ta asali, ya saurari lacca a intanet yana cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya karanta bayanin manhajar kwamfuta ba tare da jiran fassara ba.

Abin da ya shafe mu

Wannan hanya ta taɓa harshenmu ma. A Leningrad, Dmitry Olderogge ya jagoranci nazarin harsunan Afirka, kuma a ƙarƙashin kulawarsa aka fitar da ƙamusun Hausa da Rashanci a 1963. Rediyon Mosko ya yi shekaru yana watsa shirye-shirye da Hausa. 'Yan Nijeriya da suka yi karatu a Jami'ar Zumuncin Al'ummomi, wadda aka kafa a 1960 aka kuma sa mata sunan Patrice Lumumba a shekarar da ta biyo, sun san shekarar share fage, inda ake ɗaukar baƙon da bai san harafi ɗaya ba a mai da shi mai sauraron lacca da Rashanci. Rashawa mutane ne da suka ɗauki koyon harshe a matsayin sana'a mai ƙa'ida, ba baiwar da wasu ke da ita wasu ba su da ita ba.

A makarantunmu da yawa an daɗe ana hukunta yaro don ya yi Hausa a aji, da zaton cewa sai an danne harshen uwa Ingilishi zai sami wuri. Ɗan ajin farko na Rasha hujja ce a kan akasin haka. Ya fi mu nisa da Ingilishi, haruffansa daban, titinsa babu mai yin sa, amma da ya san nahawun harshensa sosai, sai wannan sani ya zama ma'aunin da yake auna baƙon harshe da shi. Yaron Kano ko Zinder yana da dogon wasali da gajere, yana da "wani" da "-n", yana da bambancin aikin da ya ƙare da mai gudana. Dukiya ce da ɗan Rasha zai so a ce yana da rabinta. Abin da ya rage shi ne malamin da zai rubuta jimlolin Hausa biyu a allo ya tambayi aji bambancinsu, da ɗalibin da zai yarda ya zauna kullum, babi bayan babi, har abin da ya fahimta ya sauko daga kai zuwa baki.